Brexit: an gama ƙuri'a tun 2016, amma har yau ana gardamar me aka zaɓa

Duk mai bin siyasar Birtaniya ya san akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, wato Brexit, babban kuskure ne kuma ga sakamako nan kowa yana gani a aljihunsa, wasu kuma su ce a'a ba ficewar ce matsala ba, ai ba a ma fice yadda ya kamata ba, 'yan siyasar Landan da manyan ma'aikatan gwamnati ne suka yi wa abin zagon ƙasa don dama ba sa so. Ni a ganina abin da ya sa ba za a taɓa raba wannan gardama ba yana kan takardar ƙuri'ar kanta.

Ranar 23 ga Yuni 2016 abin da aka miƙa wa mai zaɓe tambaya ce guda ɗaya da gurbi biyu, Birtaniya ta ci gaba da zama a Tarayyar Turai ko ta fice, shikenan. Babu maganar kasuwar bai ɗaya (inda kaya da mutane ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen ba shinge), babu maganar kwastam, babu maganar iyaka ko baƙi ko kuɗin da za a biya. Mutum miliyan 17.4 suka ce a fita, miliyan 16.1 suka ce a zauna, wato kashi 51.9 da kashi 48.1. To amma fita iri-iri ce. Norway ba ta cikin tarayyar amma tana cikin kasuwar bai ɗaya, tana biyan kuɗi kuma 'yan Turai na shiga su yi aiki ba tare da biza ba. Turkiyya tana da haɗin kwastam da su. Kanada yarjejeniyar ciniki kawai gare ta. Akwai kuma fita ba yarjejeniyar komai. Duk waɗannan sunansu fita, kuma babu wanda ya ce wa mai zaɓe ga wadda za a yi. Kamar dai fasinjoji ne suka haɗa baki suka ce wa direba ya bar tasha, sai da aka hau titi aka gane wani Legas za shi wani Maiduguri, kuma kowa yana rantsuwa cewa garinsu aka yi lodi.

Shi kansa wanda ya kira ƙuri'ar, firaministan lokacin David Cameron, ba don yana son fita ya kira ta ba. Matsalar cikin gida ce ta dame shi. Jam'iyyarsa ta Conservative ta daɗe tana faɗa da kanta kan Turai tun zamanin Thatcher da John Major, ga kuma Nigel Farage da jam'iyyarsa ta UKIP suna ta yi mata ɗauki ɗai-ɗai, har UKIP ta zo ta ɗaya a zaɓen majalisar Turai na 2014, a babban zaɓen 2015 kuma ta samu ƙuri'a kusan miliyan 4 duk da kujera ɗaya tak ta ci. Lissafin Cameron shi ne a yi ƙuri'ar, masu son zama su ci, a rufe bakin Farage da 'yan tawayen jam'iyya na tsawon shekaru. Ya tabbata zai ci, shi ya sa gwamnatinsa ba ta tanadi wani tsari na idan aka faɗi ba. Washegari da safe ya fito ƙofar gida mai lamba 10, gidan firaminista, ya ce ya sauka, ya bar wa wasu jangwam ɗin.

Su kuma masu kamfen ɗin fita, abin da mutane ke mantawa shi ne ba tafiya ɗaya ba ce. Akwai su Boris Johnson da Michael Gove da jar motar nan tasu mai rubutun cewa Birtaniya na tura wa Turai fam miliyan 350 duk mako gara a zuba su a asibitocin NHS, adadin da hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce yaudara ce tun a lokacin domin ba a cire rangwamen da Birtaniya ke samu ba. Da yawa cikin waɗannan burinsu Birtaniya ta buɗe wa duniya, ta rage dokoki, ta yi ciniki da Amurka da Indiya da Ostireliya yadda take so. Sai kuma ɓangaren Farage da talakawan garuruwan arewacin Ingila da aka rufe musu ma'adinan kwal da masana'antu, su abin da suke so a rage baƙi, musamman bayan shigowar 'yan Poland da sauran gabashin Turai daga 2004, kuma gwamnati ta tuna da su. Kaga ɗaya yana son a wangale ƙofa, ɗaya yana son a rufe, amma taken nan na a karɓe iko ya ɗauke su duka tunda kowa zai iya fassara shi yadda ya ga dama.

Theresa May ce ta gaji rikicin a Yulin 2016, ita da ta goyi bayan zama, kuma da aka tambaye ta wace irin fita za a yi sai ta ce Brexit na nufin Brexit, wanda a gaskiya bai ce komai ba. Babban kuskurenta a wurina shi ne a ranar 29 ga Maris 2017 ta tura takardar fara ficewa ƙarƙashin sashe na 50 na yarjejeniyar tarayyar, wanda ke ɗora wa'adin shekara biyu, alhali ko ministocinta ba su daidaita kan abin da za su nema ba. Daga ranar lokaci ya koma hannun Brussels, hedkwatar tarayyar, su ƙasashe 27 baki ɗaya a bayan mai shiga musu tattaunawa Michel Barnier, maganarsu ɗaya ce ba ta canzawa, ba za ka ci moriyar kasuwar bai ɗaya ba sai ka yarda da zirga-zirgar mutane. Sai kuma ta ƙara da kiran zaɓen gaggawa a Yunin 2017 don ta ƙara ƙarfi, reshe ya juye da mujiya ta rasa rinjayen da take da shi, dole ta jingina da 'yan majalisa 10 na jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa, mai son yankin ya ci gaba da zama a Birtaniya, bayan an yi wa yankin alƙawarin ƙarin fam biliyan 1.

Nan ne fa aka zo wurin da ya fi ko'ina wuya, wanda kusan ba a yi maganarsa ba lokacin kamfe a Ingila. Birtaniya tana da iyakar ƙasa guda ɗaya da ƙasar da ke cikin tarayyar a tsibiran nan, tsakanin Ireland ta Arewa da Jamhuriyar Ireland, tsawonta kusan kilomita 500 da mashigai sama da 200. Idan kana tuƙi a wurin ba za ka ga shinge ko ɗan kwastam ba, abin da zai nuna maka ka tsallaka shi ne allon gudu a gefen titi ya koma kilomita daga mil, kuɗi kuma ya koma yuro daga fam. Akwai gonakin da iyakar ta ratsa ta tsakiyarsu, akwai madarar da ake tatsa a arewa a sarrafa ta a kudu, mutane na kwana a nan su yi aiki a can. Kuma ba haka kawai aka samu wannan zaman ba, an shafe kusan shekara 30 ana zubar da jini tsakanin masu son haɗewa da Ireland da masu son zama a Birtaniya, mutum wajen 3,500 suka mutu kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Kowa ya san duk ranar da aka sake kafa rumfar kwastam a wannan iyaka za a samu wanda zai kai mata hari, daga nan a kawo 'yan sanda su tsare ta, daga nan sojoji.

To lissafin ba ya fita. Gwamnati ta yi alƙawari uku, za ta fice daga kasuwar bai ɗaya da haɗin kwastam, ba za a sa shinge a tsibirin Ireland ba, kuma ba za a raba Ireland ta Arewa da sauran Birtaniya ba. Biyu kawai za ka iya samu cikin ukun nan, domin idan dokokin kayanka sun bambanta da na maƙwabci dole a duba kayan a wani wuri, ko a tudu ko a teku. May ta zaɓi a riƙe dukkan Birtaniya kusa da tsarin kwastam na Turai har a samu mafita, 'yan a-mutun Brexit suka ce wannan ai zama bawa ne, kana bin doka ba ka da baki wurin yin ta. Ranar 15 ga Janairu 2019 majalisa ta yi fatali da yarjejeniyarta da ƙuri'a 432 da 202, kayen da ba a taɓa yi wa wata gwamnati irinsa ba a tarihin majalisar. Ta sake kawowa sau biyu ana kayar da ita. Abin dariya abin takaici, da 'yan majalisar suka ƙwace ragama suka ce bari su gwada da kansu, sai suka jera zaɓi takwas a watan Maris suka kayar da su duka takwas ɗin, ba sa son yarjejeniyar May, ba sa son fita ba yarjejeniya, ba sa son sake ƙuri'a, ba sa son fasawa. A zagaye na biyu shawarar haɗin kwastam da ƙuri'a uku kacal ta faɗi. Nan ina ganin masu son zama su ma suna da nasu laifin, da sun haɗa kai sun karɓi fita mai sauƙi da sun samu, amma wasunsu suka nace sai dai a sake ƙuri'a gaba ɗaya, suka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Har ta kai a Mayun 2019, shekara uku bayan an ce a fita, Birtaniya ta shiga zaɓen majalisar Turai dole, sabuwar jam'iyyar Farage ta Brexit ta zo ta ɗaya, Conservative mai mulki ta zo ta biyar da kashi 9. May ta sauka da hawaye, Johnson ya hau a watan Yuli.

Johnson da ƙarfin tsiya ya zo. Ya dakatar da zaman majalisa na mako biyar, kotun ƙoli da alƙalanta 11 baki ɗaya ta ce haramun ne a Satumbar 2019. Ya kori 'yan majalisa 21 daga sahun jam'iyya saboda sun bijire masa, cikinsu har da jikan Winston Churchill da tsofaffin ministocin kuɗi biyu. Ya ce gara a tsinci gawarsa a kwalbati da ya nemi ƙarin lokaci, ƙarshe dai doka ta tilasta shi ya tura wasiƙar amma ya ƙi sa mata hannu. Matsalar Ireland kuma yadda ya warware ta shi ne ya yi abin da shi da bakinsa ya faɗa a taron DUP a 2018 cewa babu gwamnatin Conservative da za ta yi, wato ya mayar da binciken kaya cikin teku, tsakanin Ireland ta Arewa da sauran Birtaniya. Amma mutane sun gaji, kuma ya gane hakan, ya shiga zaɓen Disambar 2019 da taken a gama da Brexit kawai, Farage ya janye masa 'yan takara a mazaɓu 317, ya ci kujera 365 da rinjayen 80, ya kwashe mazaɓun arewacin Ingila da tun kaka da kakanni Labour suke yi. Labour ƙarƙashin Jeremy Corbyn, da ta kasa faɗin ko tana so ko ba ta so, ta sha kayen da rabonta da irinsa tun 1935. Aka fice ranar 31 ga Janairu 2020, yarjejeniyar ciniki kuma sai a jajibirin Kirsimeti na wannan shekarar aka kammala ta.

DUP da aka yi wa ungulu da kan zabo ta rusa gwamnatin yankinta a Fabrairun 2022, aka zauna shekara biyu babu gwamnati a Belfast, sai da firaminista Rishi Sunak ya yi gyaran da ake kira tsarin Windsor a 2023 aka ƙara lallashi sannan suka dawo a Fabrairun 2024, kuma suka dawo suka tarar Michelle O'Neill ta Sinn Féin, jam'iyyar da burinta haɗe Ireland, ita ce babbar minista, karon farko a tarihi. Jam'iyyar da ta goyi bayan Brexit don ta ƙara ɗaure yankin da Landan kenan. Scotland kuwa, da kashi 62 suka ce a zauna, kuma a ƙuri'ar ɓallewa daga Birtaniya ta 2014 an tsorata su cewa idan suka ɓalle za su rasa Turai, sun nemi a sake musu ƙuri'ar 'yanci, kotun ƙoli ta ce a 2022 sai da amincewar Landan, maganar ta kwanta amma ba ta mutu ba.

Inda abin ya fi ɗaure kai, kuma inda ya taɓo mu, shi ne batun baƙi. Kafin ƙuri'ar, idan aka cire waɗanda suka bar ƙasar daga waɗanda suka shigo, abin da ke saura a shekara ya kai wajen 330,000, kuma wannan adadi ne aka riƙa dukan Cameron da shi tunda ya yi alƙawarin saukar da shi ƙasa da 100,000. Bayan an fice an karɓe ikon, a 2023 adadin ya haura 900,000. Ba wani asiri ba ne. 'Yan Turai sun daina zuwa amma tsofaffin da ke gidajen kula ba su daina buƙatar mai juya su da yi musu wanka ba, asibitoci na neman nas-nas, jami'o'i kuma kuɗin ɗaliban waje ne ke riƙe da su. Gwamnatin Johnson ta kawo tsarin maki a 2021, ta bai wa ɗalibai damar zama shekara biyu bayan kammala karatu, a Fabrairun 2022 ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi. Sai Indiyawa da 'yan Najeriya da 'yan Zimbabwe da Pakistan suka cike gurbin 'yan Poland da Romaniya. Guguwar japa da muka gani a shekarun nan, mutum ya sayar da fili da mota ya nemi digiri na biyu ya tafi da mata da yara, wani ɓangarenta Brexit ce ta buɗe ƙofar, har Najeriya ta zama kan gaba wajen yawan iyalan da ke bin ɗalibai. Wasu kuma 'yan damfara suka karɓe musu miliyoyin naira da sunan takardar ɗaukar aiki, suka isa can babu aikin. Da ihu ya yi yawa aka fara rufewa, Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, Maris aka hana masu aikin kula, a 2025 aka daina ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Mai zaɓen da ya dangwala don a rage baƙi yana da gaskiya idan ya ce an yaudare shi, shi kuma ministan da ya buɗe bizar zai ce ai ikon aka nema kuma ga shi mun yi amfani da shi.

Ga kuma masu tsallako teku daga Faransa a ƙananan kwale-kwale, sama da 45,000 a 2022, ga shi ficewar ta fitar da Birtaniya daga tsarin Dublin da ke ba da damar mayar da wasu masu neman mafaka ƙasar Turai da suka fara shiga. Shirin tura su Ruwanda kotun ƙoli ta taka masa birki a 2023, ya mutu a 2024 bayan an kashe ɗaruruwan miliyoyin fam.

Tattalin arziki ba zan daɗe a kai ba domin nan kowa yana da alƙaluman da zai ɗauko. Masifar da su George Osborne, ministan kuɗin Cameron, suka yi hasashen za ta faɗo nan take ba ta zo ba, duk da fam ya faɗi warwas a daren ƙuri'ar zuwa matakin da rabonsa da shi shekara 31. Amma ofishin da ke yi wa gwamnati hasashen kasafi, OBR, har yanzu yana kan lissafinsa cewa a dogon zango tattalin arzikin zai gaza da kusan kashi 4 idan aka kwatanta da a ce an zauna. Ba a ganin irin wannan asara a rana ɗaya. Ƙaramin mai sayar da cuku ko kifi da a da yake loda kaya zuwa Faransa kamar yana kai wa garin maƙwabta, yanzu sai ya cike takardun kwastam ya biya likitan dabbobi ya sa hannu a takardar lafiya, da yawa sun haƙura da kasuwar kawai. Masu kare Brexit za su ce korona da yaƙin Ukraine ne suka rikita komai kuma Jamus ma da ke ciki tana ɗingishi, wannan ma ba ƙarya ba ne. Fasfo mai launin shuɗi dai an dawo da shi, kamfanin Faransa da Holan ne ya ci kwangilar, a Poland ake buga shi.

Masu kwatanta wannan da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 su lura, can ba a tambayi talaka a akwati ba, sojoji ne suka yanke. Inda suka yi kama shi ne iyaka, abin da ɗan Jibiya da ɗan Maraɗi suka sani game da layin da ya raba dangi da kasuwa shi ɗan Ireland ya sani.

Jam'iyyar da ta kawo Brexit kuwa ita ta fi kowa ji a jikinta. Firaminista biyar ta yi tsakanin 2016 da 2022, har da Liz Truss mai kwana 49, sannan a Yulin 2024 ta faɗo zuwa kujera 121, mafi muni a tarihinta. Farage da aka kira ƙuri'ar don a binne shi ya shiga majalisa a karo na takwas da ya nema, jam'iyyarsa ta Reform ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, a 2025 kuma ta riƙa zuwa gaba a ƙuri'un jin ra'ayi tana kwashe ƙananan hukumomi. Keir Starmer, wanda a da shi ne kan gaba a Labour wajen neman a sake ƙuri'a, ya hau mulki da alƙawarin babu komawa kasuwar bai ɗaya, babu haɗin kwastam, babu zirga-zirgar mutane, duk da binciken ra'ayi ya daɗe yana nuna fiye da rabin 'yan ƙasar na ganin ficewar kuskure ce. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne, tsarin zaɓensu na mazaɓa-mazaɓa ne, kuma masu nadamar sun taru a manyan birane, kujerun da ake tsoron rasawa kuma suna garuruwan da suka zaɓi fita. Abin da ya iya shi ne ɗan gyare-gyare a taronsa da shugabannin Tarayyar Turai a Mayun 2025, sauƙaƙa binciken kayan abinci da haɗin kan tsaro, a madadin haka jiragen kamun kifin Turai su ci gaba da shiga ruwan Birtaniya har 2038, nan take Farage ya ce an sayar da masunta.

Yanzu da babu Brussels da za a ɗora wa laifi, an koma kan yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da kotunta da ke Strasbourg, wadda ba ta ma da alaƙa da Tarayyar Turai, kuma lauyoyin Birtaniya na cikin waɗanda suka rubuta ta a 1950. Reform ta ce za ta fice daga cikinta don a samu damar korar baƙin haure, Conservative ƙarƙashin Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas, ita ma ta bi sahu a Oktoban 2025. Sai dai yarjejeniyar zaman lafiyar Ireland ta 1998 ta wajabta wa Birtaniya sanya wannan yarjejeniyar haƙƙi cikin dokar Ireland ta Arewa, kuma yarjejeniyar cinikin da Johnson ya sa wa hannu a 2020 ta bai wa Turai damar dakatar da haɗin kan 'yan sanda da shari'a idan Birtaniya ta fice daga cikinta.